Daga Kwatano Zuwa Ƙofar Ruwa: Abin da ke Bayan Bamba

Wanda ya fita daga Kwatano ya nufi gabas, kan titin da ke zuwa Porto-Novo da bakin iyakar Seme, ba zai yi nisa ba sai ya fara ganin manyan filaye kewaye da katanga, motoci jere a cikinsu iya ganin ido, iskar teku tana shafa musu gishiri. A wajejen Sekandji da Ekpe waɗannan filaye suke, kuma daga sunan garin Kwatano Bahaushe ya samo sunan da yake kiran motar da aka sha hawa a Turai kafin a kawo mana, wato 'yar Kwatano. Za ka ji Faransanci da Fon da Yarbanci, za ka kuma ji Hausa tsantsa a bakin dillalai da direbobin da ke sauka a unguwar Zango. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a rahotonta na 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari kuma Afirka suka nufo. Wasu daga cikinsu ba da ƙafarsu suka shiga jirgi ba. Ɗaga su aka yi daga filayen gwanjo irin na Copart da IAA a Amurka, goshi a rotse, bayan kamfanin inshora ya lissafa ya ga gyaran bai kai ya biya ba. Irin wannan mota, mai rotsattsen goshi, ita za mu bi daga bakin teku har Kano, domin a kan wannan hanya ake ganin dukan darasin gyaran gaban mota, mai kyau da marar kyau.

Abin da nake son mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne gaban mota kashi biyu ne, akwai fata akwai ƙashi. Fatar ita ce robar bamba, da fitilu, da ragar gaba, da bonet, da madigadi. Waɗannan da noti da maɓallan roba aka ɗaure su, kuma mai mota da ke da sifana lamba goma da haƙuri yana iya kwance su ya sa wasu a ƙofar gidansa. Ƙashin kuwa shi ne ƙarfen da ke kwance bayan bamba, da dogayen sanduna biyu na shasi da suka taho daga ƙarƙashin gilashin gaba suka riƙe inji, tare da jakar iska da bel ɗin kujera da na'urorin da ke ba su umarni. Wannan kashi na biyu aunawa ake yi, idan ya lalace a canza shi. Munin rauni a ido ba ya nuna wane kashi ya taɓu. Akwai motar da fuskarta ta tarwatse ƙashinta lafiya lau, akwai wadda fitila ɗaya kawai ta fashe amma sandar shasi ta lanƙwashe a ciki.

Hanyar arewa daga Kwatano tana bi ta Bohicon da Dassa da Save zuwa Parakou, tafiyar da ta haura kilomita 400, kuma manyan motocin kaya ne suka fi cika ta. A gefen titi ba a rasa gawar mota, galibi gabanta a matse kamar gwangwanin da aka taka, wurin zaman mutane kuwa yana nan da siffarsa. Mutane da yawa idan suka ga haka sai su ce motocin zamani ba su da ƙwari, kwali ne. Gaskiyar magana da gangan aka yi su haka. Wani injiniyan kamfanin Mercedes mai suna Béla Barényi shi ya samu rajistar wannan dabara a 1952, aka kuma fara fitar da mota a kanta a 1959: a yi gaba da baya su riƙa naɗewa idan an yi karo, ɗakin fasinja kuwa ya tsaya ƙyam. Dalilin lissafi ne mai sauƙi. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa idan ta daki katanga, daidai take da wadda ta faɗo daga tsayin mita 10, kusan bene hawa uku. Idan gudun ya ninka zuwa 100, ƙarfin bugun sau huɗu yake ninkawa, ya zama faɗowa daga kusan mita 40. Dole wannan ƙarfi ya sami inda zai sauka. Ko dai ƙarfen gaba ya naɗe sannu a hankali ya shanye shi, ko ya wuce kai tsaye zuwa ƙirji da gwiwoyin mai tuƙi. Saboda haka sandar shasi tana da ƙananan lotsawa da ramuka da masu ƙira suka sa domin ta san inda za ta fara naɗewa da inda za ta biyo baya. Aiki ne na sau ɗaya, kamar ashana.

Daga Parakou zuwa Kandi ƙasa tana buɗewa, gonakin auduga suna maye gurbin daji, kuma a bakin kowane babban gari akwai gareji a ƙarƙashin itace. Aikin da ake yi wa rotsattsen gaba a waɗannan wurare iri ɗaya ne da wanda ake yi a Maraɗi ko Zariya. A ɗaura sarƙa a sandar shasi, a ɗaura ɗaya bakin a gindin itace ko wani ginshiƙi, a kunna wutar walda a gasa wurin da ya lanƙwashe har ya yi ja, sannan a ja da baya ko a matsa da jak har ya miƙe. A buga da guduma, a shafe da fila, a fesa fenti. Da yamma mota ta fito tana sheƙi, kuma wanda bai sani ba zai rantse ba ta taɓa ganin haɗari ba. Illar tana cikin ƙarfen. Motocin shekarun nan ana ƙera muhimman sassansu da ƙarfe na musamman wanda ƙwarinsa ya samu daga yadda aka dafa shi aka sanyaya a masana'anta. Ƙarfen jikin mota na da ƙwarinsa bai wuce megafaskal 300 ba, na yanzu a wasu ginshiƙai yana kai 1,500. Idan aka gasa irin wannan ƙarfe, tsarin cikinsa ya rushe ke nan, wani wuri ya yi laushi, wani wuri ya yi gautsi, kuma babu gudumar da za ta mayar da shi. Shi ya sa manyan kamfanonin mota suka hana miƙar da waɗannan sassa da wuta a littattafan gyaransu, suka ce a cire a sa sabo a wurin da suka ayyana. Sandar da aka gasa, ranar karo na biyu, za ta karye ko ta naɗe lokaci guda a wurin tsohon rauni, inji ya shigo kan ƙafafun mutum.

Za a ce, ai masu bugun jikin mota sun shekara hamsin suna wannan aiki, kuma ga motocin da suka gyara suna yawo. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ban yarda a raina gwanintar waɗannan mutane ba. Wanda zai ɗauki madigadi da ya yamutse ya fitar da layinsa da guduma da ido kawai, har ka rasa wurin da aka taɓa, ya cancanci a kira shi gwani a ko'ina a duniya. Amma sana'ar ta ginu ne a zamanin Peugeot 504, wadda aka yi ta haɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, da zamanin Bitil da a-kori-kura, lokacin da ƙarfe mai laushi ne kuma yana jure wuta da duka. Hannun bai canza ba, ƙarfen ne ya canza a ƙarƙashinsa. Batun cewa motocin suna yawo kuwa, ai tafiya lafiya ba ta gwada shasi. Mota mai gasasshen ƙashi tana iya shekara goma tana kai yara makaranta ba ta ja gefe ba. Jarrabawarta ta ƙiftawar ido ce, kuma idan ta faɗi babu mai komawa garejin ya ba da labari, sai a ce gudu ne ko ƙarar kwana.

A Malanville, bayan tafiyar fiye da kilomita 700 daga teku, hanya tana isa kogin Kwara, gada kuma tana haɗa ta da Gaya ta Nijar. Shekara da shekaru ta wannan gada ayarin motoci suka riƙa hayewa da takardun wucewa zuwa Nijar, da yawansu kuma su ƙare a kasuwannin Najeriya. Gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, ta rufe iyakokin gaba ɗaya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai ya jawo rufe gadar kanta. Wannan ya karkatar da ciniki zuwa tashoshin Legas da Lome, ya kuma haɗu da faɗuwar darajar naira ya sa mota ta yi tsadar da mai ƙaramin albashi ba ya ko tunkararta. Sakamakon a fili yake: wanda ke da mota zai riƙe ta ko ta yi karo sau nawa, wanda ke neman saye kuma zai fi karkata ga wadda aka shigo da ita a rotse aka gyara.

Daga Gaya a bi ta Dosso a hau babban titin da ya ratsa kudancin Nijar, ta Dogon Dutse da Birnin Ƙonni da Madawa zuwa Maraɗi. Titi ne miƙaƙƙe mai jan ƙafar direba, ga jakuna da awaki da amalanke suna fitowa ba sallama, musamman da magariba. Yawancin raunin da mota ke samu a irin wannan hanya, da wanda take samu a cunkoson gari idan ta daki bayan wata, na fata ne, kuma a nan nake ganin mai mota ya kamata ya naɗe hannun riga. Ya ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ya ɗauki hoton komai da waya kafin ya taɓa, domin ranar mayarwa zai manta wace waya ta bi ta ina. Ya cire kan batir na baƙar waya ya jira 'yan mintoci, saboda na'urar jakar iska tana riƙe wuta na ɗan lokaci bayan an cire batir. Duk wayar da ya gani da rawayan soket, ta jakar iska ce, kada ya soka mata fitilar gwaji ko mita. Robar bamba tana fita idan an cire maɓallan sama da notocin cikin kaskon taya da na ƙasa. A bayanta zai ga soso mai tauri, sannan ƙarfen bamba, wanda a motoci da yawa da noti aka ɗaure shi a bakin shasi. Idan wannan ƙarfe ya lotsa, a canza shi, kada a buga. Bayansa akwai kwandansa ta na'urar sanyi, sannan lagireto da fanka. A duba ɗigon ruwa da tsagewar robar gefen lagireto, domin tsaga ƙarama tana iya ƙona inji tsakanin Madawa da Maraɗi inda babu mai taimako. Makullin bonet shi ma ba abin wasa ba ne, idan bai kama sosai ba iska za ta ɗaga bonet ta rufe gilashi ana cikin gudu. Fitila kuwa, bayan an ɗaura, a tsaya kimanin mita 7 da rabi daga bango da dare a daidaita haskenta ya sauka ƙasa da tsayin fitilar. A kuma kula da asalinta. Fitilar da aka ciro daga motar Ingila ko Japan, inda ake tuƙi ta hagu, haskenta yana ɗagawa ne ta ɓangaren hagu, mu kuwa ta dama muke tafiya, a Najeriya tun 1972, don haka kai tsaye za ta riƙa haska idon mai zuwa.

Babbar ribar wannan aiki ta wuce kuɗin hannun da aka tsimi. Wanda ya cire fatar motarsa da kansa shi ne ya ga ƙashinta tsirara, kuma babu mai iya rufe masa ido bayan haka. Ya duba sandunan shasi da tocila: fenti da ya tsattsage, ƙarfe da ya yi ƙunci kamar tsumma, danƙon haɗi da ya rabu, duk alamu ne. Sannan ya ɗauki tef ya auna a gicciye, daga wani noti na kusurwar dama ta baya a ɗakin inji zuwa na kusurwar hagu ta gaba, ya sake aunawa ta ɗaya gicciyen a kan takwarorinsu. Masu wannan sana'a a inda ake da injin awo ba sa yarda bambanci ya wuce milimita 3. Ya duba tazarar da ke tsakanin ƙofa da madigadi, idan ta matse a sama ta buɗe a ƙasa, ko ƙofa ta fara cijewa, bugun ya wuce gaba ya taɓa ɗaki. Da zarar ɗaya daga cikin waɗannan ta bayyana, aikin ƙofar gida ya ƙare. Sai wurin da ke da teburin ja da awo, inda ake ɗaure mota a ja ta da sanyi ana duba ma'aunin kamfani, a yanke sashen da ya ƙunce a sa lafiyayye. Haka nan motocin baya-bayan nan, irin Corolla ta Amurka daga 2017, suna da radar a bayan tambarin gaba da ke taka birki da kanta, kuma idan aka motsa ta sai an saita da kwamfuta.

Daga Maraɗi a gangara ta Ɗan Isa a shiga Jibiya, a wuce Katsina, a ƙarasa Kano, inda tafiyar ke ƙarewa a kasuwar Ƙofar Ruwa. Duk abin da gaban mota ke buƙata yana nan a rataye ko a jibge: bamba kala-kala, fitilu sababbi na Taiwan da China da tsofaffi na asali, har da rabin mota da aka yanko daga gilashi zuwa gaba. Kasuwa ce mai albarka, irinta irin Panteka a Kaduna, kuma ita ta sa gyaran fata ya zama abin da talaka zai iya. Amma a nan ne kuma ya kamata a yi maganar jakar iska, wadda ita ce mafi ɓoyuwa a cikin duk abin da ake ɓoyewa. Tun ƙirar 1998 doka ta wajabta jakar iska biyu a gaban kowace ƙaramar mota da ake sayarwa a Amurka, don haka duk Camry ko Accord da ta zo daga can da ita aka haife ta. Tana buɗewa cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa ba, kuma sau ɗaya take aiki. Tare da ita akwai ɗan harsashin da ke tsuke bel a jikin mutum lokacin karo, shi ma sau ɗaya ne. Abin da ake yi wa motoci da yawa shi ne a yanke jakar da ta fashe, a liƙe murfin sitiyari, a sa ɗan resista a bakin waya domin kwamfutar mota ta ɗauka jakar tana nan, ko a cire ƙwan fitilar gargaɗin gaba ɗaya. Gane wannan ba shi da wuya. Idan aka murɗa makulli, fitilar jakar iska ya kamata ta kama na 'yan daƙiƙoƙi ta mutu da kanta. Wadda ba ta kama ba sam, ko wadda ke mutuwa daidai da fitilar man inji, an taɓa ta. Ita ma jakar da aka ciro daga tsohuwar mota sai an bincika, domin jakunkunan kamfanin Takata, waɗanda aka janye kimanin miliyan 67 a Amurka kaɗai, zafi da laima suna lalata sinadarinsu har su fashe da ɓaraguzan ƙarfe a fuskar direba, kuma zafi ba baƙonmu ba ne.

Hujja mafi nauyi da za a kawo ita ce ta aljihu. Jakar iska biyu da bel biyu da kwamfutarsu suna iya cin kuɗin da ya yi daidai da wani babban kaso na darajar tsohuwar mota, mai iyali kuma zai ce mota marar jaka ta fi babur, babur ya fi ƙafa. Ban musa ba, kuma ba na ganin laifin wanda ya rasa yadda zai yi ya ci gaba da hawa motarsa yana sane da abin da ta rasa, yana ɗaura bel yana rage gudu. Abin da nake ja da shi shi ne yadda ake raba ɗan kuɗin da ke akwai. Sau da yawa fenti na musamman da sabuwar raga mai ƙyalli da fitilu masu ado suna cinye abin da zai sayi bel mai aiki da ƙarfen bamba lafiyayye. Tsarin da ya dace shi ne ƙashi tukuna, sai bel da jaka, sai lagireto da fitila da saitin ƙafa, fenti ya zo ƙarshe ko ya jira baɗi. Mota mai madigadi ja da bonet fari tana kare rai daidai da mai launi ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan titi duk shekara, kuma yankin Afirka, mai kusan kashi 3 cikin ɗari na motocin duniya, shi ke ɗauke da kusan ɗaya cikin biyar na mamatan. Miyagun hanyoyi da gudu da ƙarancin asibiti suna da kasonsu, amma halin da motocin suke ciki ma yana da nasa.

Wasu kuma za su ce rai na Allah ne, idan kwana ya ƙare jakar iska ba ta hanawa. Haka ne, kuma wanda ya yi imani da haka shi ne dai yake gyara birki idan ya shanye, bai taɓa cewa ƙaddara ta isar masa ba. Riƙo da sababi ba ya karo da tawakkali. Sannan akwai abin da ya fi wannan nauyi, wato haƙƙin wani. Mai mota yana iya karɓar kasada a kan kansa, amma ba shi da ikon ɗora ta a kan wanda zai saya a hannunsa cikin rashin sani, kuma ɓoye aibin haja haramun ne a wurin malamai ba tare da saɓani ba. A 2017 wata kotu a Dallas ta jihar Texas ta yanke diyyar kusan dala miliyan 42 a shari'ar wasu ma'aurata da suka ji munanan raunuka a cikin wata Honda Fit ta 2010 da suka saya ta hannu, bayan an gano wani gareji ya liƙe rufinta da gam maimakon waldar da kamfani ya umarta. Su ma ba su san an taɓa motar ba. A wurinmu irin wannan shari'a ba ta cika zuwa kotu ba, sai dai nauyin yana nan a wuyan wanda ya liƙe da wanda ya sa aka liƙe.

Don haka, mai karatu, idan za ka sayi mota a Kano ko Maraɗi ko Kwatano, karanta lambarta mai haruffa da alƙaluma 17 da ke ƙasan gilashin gaba, ka sa a bincika tarihinta a intanet, domin motocin gwanjon Amurka sau da yawa hotunansu na ranar gwanjo suna nan. Ka buɗe bonet ka haska sandunan shasi, ka bi jikinta da ɗan maganaɗisu ka ji inda fila ta yi kauri, ka murɗa makulli ka zuba wa fitilar jakar iska ido. Idan kuma taka ce ta yi karo, ka kwance fatar da hannunka ka auna kafin kowa ya kunna wuta a kanta, ranar da za ka sayar kuma ka gaya wa mai saye duk abin da aka yi mata.